Tarihin Dalma a Cikin Man Fetur, da Tsofaffin Motocin Hanyar Yelwa

Ƙasar Yawuri ƙasar ruwa ce tun fil azal, kuma duk wanda ya yi nufin ba da tarihin mota da abin da take sha a wannan yanki wajibi ne ya fara da kogin Kwara, domin shi ne babbar hanya tun ba a san taya ba, shi ne kuma ya raini Gungawa mazauna tsibirai, da Shangawa na arewa, da Kambarin ƙasar Ngaski, da Sarkawa masunta da suka gangaro daga Kabi. Masu riwaya suna cewa Tafiraulu ne ya kafa sarautar ƙasar, suna kuma lissafa Yawuri cikin ƙasashe bakwai na biyu da ake ambata bayan Hausa Bakwai; wannan kuwa zance ne na kunne ya girmi kaka, wanda ya iso mana ba tare da shekara tabbatacciya ba. Abin da alƙalami ya riƙe shi ne cewa Bature Mungo Park ya wuce ta nan cikin jirgin ruwa a 1806 kafin ajali ya cim masa a Busa, da cewa 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, sun zo wurin Sarkin Yawuri a 1830 suna neman takardunsa, su ma kwalekwale ne ya kawo su, da cewa Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da Yelwa ta bakin kogi mazaunin sarauta a 1888. A duk tsawon wannan zamani, ƙarfin da ke ɗaukar mutum da kayansa ƙarfin damtse ne, da na jaki, da na ruwa.

Ita kuwa dalma, ba baƙuwa ba ce ga mutanen bakin kogi. Masunci yakan narka ta ya naɗa a gefen birginsa domin ta ja shi ƙasa da sauri idan ya watsa, mata kuma suna sa kwalli wanda galibinsa daga dutsen dalma mai sheƙi ake niƙa shi. Haka nan ba baƙuwa ba ce ga masana ɗibbu na dauri, gama likitocin Yunan sun siffanta ciwon ciki da shanyewar gaɓɓai da take haddasawa, Ibn Sina kuma ya lissafa farin garinta cikin guba. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya tabbata cewa lokacin da aka zuba ta cikin man fetur ba bisa jahilci aka yi ba; an san sharrinta shekaru dubu biyu kafin a ƙera injin farko.

Musabbabin al'amarin kuwa wata illa ce da ta addabi maƙeran mota a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Farko. Ƙa'idar inji ita ce fistin ya matse haɗin mai da iska a cikin silinda, sa'an nan fulogi ya tartsa wuta a daidai lokacin da aka ƙaddara, haɗin ya ƙone a hankali daga wannan gefe zuwa wancan yana tura fistin ƙasa. Kuma gwargwadon tsananin matsi, gwargwadon ƙarfin da za a samu daga kowace lita. Sai dai man wancan zamani ba ya jure matsi, ragowarsa yakan fashe da kansa gaba ɗaya kafin harshen wuta ya riske shi, sai a ji inji yana ƙwanƙwasa idan an hau tudu, yana zafi, yana cin fistin. Wani injiniya mai suna Thomas Midgley, wanda ke aiki ƙarƙashin Charles Kettering a ɗakin binciken kamfanin General Motors a garin Dayton, ya yi ta jarraba sinadarai iri-iri, har a Disamba 1921 ya dace da wani ruwa da ake haɗawa da dalma, wanda ɗan ƙanƙaninsa a cikin galan guda ke kashe ƙwanƙwasar nan take. Sun san cewa sinadarin itanol da ake tatsa daga hatsi da rake yana yin wannan aiki idan an zuba shi da yawa, amma shi kowa na iya dafa shi, babu mai iya mallake shi da takardar haƙƙi, alhali ruwan dalma yana da mai shi, kuma kowane galan da aka sayar a duniya zai kawo masa riba.

An fara sayar da man a Dayton cikin Fabrairu 1923, a 1924 kuma General Motors da Standard Oil suka kafa kamfani na musamman dominsa, suka raɗa wa hajar suna Ethyl, sunan da babu ambaton dalma a cikinsa. Ba a je ko'ina ba sai ga sakamako: a Oktoba 1924, a matatar Bayway ta jihar New Jersey, ma'aikata biyar suka rasu cikin hauka da fisge-fisge, wasu fiye da talatin aka kwantar. Midgley, wanda shi kansa ya yi jinyar gubar a 1923, ya fito gaban 'yan jarida ya wanke hannuwansa da ruwan, ya shaƙi tururinsa, domin ya nuna ba ya cutarwa. Malaman lafiya irin su Alice Hamilton da Yandell Henderson suka tsaya tsayin daka suna gargaɗi cewa cutar da ta fi girma ba ta cikin masana'anta ba ce, ita ce wadda za ta riƙa fita a hankali daga salansar kowace mota ta sauka kan tituna da huhun jama'a har tsawon zuriya. Aka dakatar da sayarwa a 1925, aka kafa kwamiti, kwamiti ya ce bai sami hujjar hanawa ba, aka ci gaba a 1926. Malamanmu na usulu sun kafa ƙa'ida cewa tunkuɗe mafsada yana gaba da jawo maslaha. A wannan mas'ala an juya ƙa'idar ne, aka ɗora wa wanda za a cuta nauyin kawo hujja, aka bar mai cin riba yana ciniki har hujjar ta zo, ita kuwa ba ta zo a kammale ba sai bayan shekara arba'in.

A daidai waɗannan shekaru ne mota ta fara zama abin gani a ƙasar Yawuri, wadda Turawa suka fara sa ta cikin Lardin Kwantagora, daga baya suka mai da ta Lardin Sakkwato. Hanyar da ta taso daga Jebba, inda aka gama gadar Kwara a 1916, ta bi ta Kwantagora ta ratsa Yelwa ta wuce Koko da Jega ta nufi Sakkwato, ita ce ta zama jijiyar ciniki, kuma a kanta ne manyan motocin kamfanoni suka riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu. Babu gidan mai irin na yau a lokacin. Fetur yakan zo ne daga teku cikin garwa mai cin galan huɗu, biyu-biyu a akwatin katako, direba ya ɗaure abin da zai ishe shi a bayan mota, idan ya tsaya yaron mota ya huda garwa ya kafa mazurari ya shimfiɗa ƙyalle a bakinsa ya tsiyaya, garwar da ta ƙare kuwa ta shiga gari ta zama ta ɗiban ruwa ko ta awon hatsi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda jiragen samansa suka sha mai mai dalma ba adadi, sai haɗin ya game duniya, har ya zamana zuwa shekarun 1970 kusan duk fetur da ake sayarwa a doron ƙasa yana ɗauke da ita.

Nijeriya ta sami nata man a Oloibiri a 1956, ta fara fitar da shi a 1958, ta buɗe matatar farko kusa da Fatakwal a 1965. Amma abin da ya fi girgiza wannan yanki shi ne madatsar Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964, ruwa ya fara taruwa a bayanta a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a Fabrairu 1969, zamanin Sarkin Yawuri Muhammadu Tukur. Tafkin ya miƙa fiye da kilomita 130 daga madatsar har zuwa Yelwa, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da fadamu, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Aikin ƙidayar gidaje da biyan diyya da kwasar iyalai ya cika ƙasar Ngaski da gaɓar tafki da Land Rover da Bedford, kifin da ya yawaita bayan cikar tafkin kuma ya jawo masunta daga nesa, ya raya kasuwannin Yelwa da Wara, ya haifar da bukatar motar da za ta kai banda Kudu da kuma injin da za a ɗaura wa jirgi. Daga nan fetur ya shiga rayuwar talaka, ya daina zama abin Bature da Sarki kaɗai.

Shekarar 1975 ita ce shekarar mota a Arewa. A cikinta kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, a daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata. Sai 404 akori-kura ta zama jakin kasuwannin ƙauye, 504 ta zama ta ma'aikaci da alhaji da direban tasha, wadda ke ɗaukar fasinja daga Yelwa zuwa Sakkwato ko Kwantagora ta komo a yini. An kafa kamfanin mai na ƙasa, NNPC, a 1977, aka buɗe matatar Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, kuma man da ke fitowa daga cikinsu yana ɗauke da dalma fiye da rabin giram a kowace lita, abin da ya sa shi cikin mafiya yawan dalma a duniya. Mai karatu ya auna da kansa: tankin 504 guda yana fitar da giram ashirin ko fiye na wannan guba, kuma ba a daji yake zubar da ita ba, a tasha ne, inda mai tuya ke kasa ƙosai a buɗe, inda yara masu talla ke wuni a tsayin salansa, inda makanike ke wanke hannu da fetur ya kuma zuƙo shi da baki ta tiyo.

Yayin da muke murnar sababbin motoci, a can inda abin ya samo asali an riga an shiga yaƙi da shi. Clair Patterson, masanin da ya auna shekarun duniya a 1956 ta hanyar nazarin dalma a cikin duwatsu, ya lura cewa ƙurarta ta gurɓata duk abin da ya taɓa a ɗakin bincikensa, ya bi sawunta har cikin ruwan teku da ƙanƙarar Girinlan, ya bayyana a 1965 cewa abin da ke jikin mutumin wannan zamani ya ninka na magabata ninkin ba ninki. Likita Herbert Needleman kuma ya tattara haƙoran da yara 'yan makaranta suka famɓare a kusa da Boston, ya nuna a 1979 cewa waɗanda dalma ta fi yawa a haƙoransu su ne suka fi rauni a fahimta da natsuwa, ko da yake babu wata alamar ciwo a jikinsu. A nan ne sharrin wannan guba ya fi tsanani, domin ba ta da ƙaramin mizanin da za a ce lafiya ne, jikin yaro yana shan ta fiye da na babba, kuma abin da ta rage na basira ba ya komowa. Patterson da Needleman dukkansu sun sha tsangwama daga masu hannu a cinikin. Daga 1975 sababbin motocin Amurka suka fara fitowa da na'urar tace hayaƙi wadda dalma ke kashewa, dole aka samar da mai maras dalma. Tsakanin 1976 da 1980 dalmar da ke jinin Amurkawa ta ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Japan ta gama rabuwa da ita a shekarun 1980, Amurka ta haramta ta a kan hanya ranar 1 ga Janairu 1996.

Sai dai da aka zo cire ta aka tarar tana yin wani aiki na biyu wanda ba dominsa aka zuba ta ba, kuma shi ne asalin damuwar masu tsofaffin motoci har gobe. Bawul ɗin da hayaƙi ke fita ta kansa yana aiki ne cikin zafin da ya kai digiri 700 ko ya ɗara, kuma idan inji yana juyi 3,000 a minti, bawul yana buga mazauninsa sau 25 a kowace daƙiƙa. Tokar dalma takan kwanta tsakaninsu kamar gammo tsakanin kai da kaya. Idan babu ita, kuma mazaunin a jikin baƙin ƙarfen kan inji aka yanka shi kai tsaye, sai bawul mai zafi ya riƙa mannewa da shi yana yagar ɓarɓashi, ɓarɓashin ya taurare a fuskar bawul ya koma yana goge mazaunin, bawul ya yi ta nutsewa, tazarar da aka bari a samansa ta ƙare, ya daina rufewa sosai, wuta ta ci gefensa, mota ta rasa ƙarfi. Wannan ba ya faruwa da motar da ke yawo a hankali cikin gari sai bayan zamani mai tsawo. Wadda ke cikin haɗari ita ce mai ɗaukar kaya masu nauyi tana gudu sa'o'i a jere cikin zafin rana.

Ingila, wadda mutanenta ke da tsananin son adana tsofaffin motoci, ta daina sayar da mai mai dalma ga jama'a ranar 1 ga Janairu 2000, aka kuma fito da mafita iri uku. Gidajen mai sun ɗan yi shekaru suna sayar da wani fetur da aka sa wa sinadarin fotasiyam a madadin dalma, har ciniki ya ja baya aka daina. Kamfanoni suka fito da magani a kwalba wanda mai mota zai riƙa zubawa da hannunsa, wani na fotasiyam, wani na sodiyam, wani na fosfaras, wani na manganis, dukkansu suna barin siririyar toka a kan mazaunin bawul, na manganis kuma yana ɗan ƙara wa mai juriyar matsi. Ta uku, wadda ita ce maganin dindindin, a cire kan inji a kai wa mai injin yankan ƙarfe ya faɗaɗa gurbin ya dasa zobe mai tauri.

Afirka ce aka bari a baya, kuma wannan jinkiri abin baƙin ciki ne, domin shekara ashirin da biyar aka yi ana sayar wa 'ya'yanmu abin da aka tabbatar yana cutar da 'ya'yan wasu. A Yuni 2001 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Dakar suka ɗauki alkawarin kawar da dalma kafin ƙarshen 2005. A 2002, a taron ƙoli na Johannesburg, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa ƙawancen da zai bibiyi aikin. Nijeriya ta cire ta daga fetur ɗinta cikin waɗannan shekaru. Ranar 1 ga Janairu 2006 kuma aka shelanta cewa Afirka kudu da Sahara ta rabu da ita. A jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, an yi wannan sauyi ba tare da ganga ba, famfo ɗaya ne, farashi ɗaya, direba ya sha mai ya wuce.

Dalilin da ya sa motocinmu ba su zube ba yana da kyau a fahimce shi, don kada a sayar wa mutum maganin cutar da ba ta same shi ba. Kan injin 404 da 504 na aluminiyam ne, haka na Volkswagen mai inji a baya, shi kuwa aluminiyam taushinsa bai barin bawul ya zauna a jikinsa, saboda haka tun daga masana'anta an dasa musu zoben ƙarfe, wanda ya fi jure rashin dalma nesa ba kusa ba. Manyan motoci masu shan gas ba su taɓa sanin dalma ba. Injin jirgin ruwa irin wanda masunci ke gauraya masa fetur da baƙin mai a jarka kafin ya tashi daga Wara ba shi da irin wannan bawul sam. Waɗanda mas'alar ta shafa bilhaƙƙi su ne masu kan inji na baƙin ƙarfe, wato tsohuwar Land Rover mai shan fetur da Bedford da ire-irensu, su ma ɗin tokar da ta taru shekara da shekaru takan ci gaba da kare su na ɗan lokaci. Wanda ya taɓa zama a garejin bakin tasha ya ga yadda ake gane abin: makanike ya buɗe murfin sama inji na sanyi, ya zura siririn ƙarfen awo tsakanin bawul da abin da ke danna shi, ya ji ko yana shiga da ɗan ja. Idan na hayaƙi ne kaɗai ke matsewa duk bayan wata biyu ko uku alhali na shiga suna nan yadda aka bar su, sai ya ɗaga kai ya ce, Alhaji, mazaunin nan ya fara ci, gara mu sauke kan tun bai ƙona bawul ba. Sa'an nan a kifa kan a kan benci, yaro ya shafa man goge ƙarfe a bakin bawul, ya kama sanda mai roba a tsakanin tafukansa yana murzawa yana ɗagawa, har da'irar toka-toka ta fito ba yankewa.

Wanda ke riƙe da irin wannan mota, ya kuma zaɓi maganin kwalba, to ladabin shan mai gare shi shi ne ya san adadin litar da zai saya, ya auna maganin daidai da abin da aka rubuta, ya fara zuba shi a tanki kafin fetur domin zubowar mai ta gauraya shi. Ya lizimci iri ɗaya, gama haɗa na fotasiyam da na wani sinadari ba ya ƙara kariya, yana iya ma ɓata ta. Kada ya ninka awo da zaton ƙarin alheri, domin toka mai yawa tana toshe fulogi tana sa bawul ya riƙa maƙalewa. Kada kuma ya kusantar da shi ga sabuwar mota mai na'urar tace hayaƙi. Idan ƙwanƙwasa yake ji a kan tudu, wannan mas'ala ce dabam, maganinta a ja da lokacin wuta baya kaɗan. Man da ake zubawa a giya, ko kananzir, ko ƙwayar kafur da wasu ke jefawa a tanki, babu ɗaya daga cikinsu da ke tsaya wa mazaunin bawul.

Fitar dalma daga fetur ba ta fitar da ita daga ƙasa ba. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano cewa yaran da ke mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara ƙurar dutsen zinariya mai dalma ce ke kashe su, wanda ake daka a tsakar gida, aka rasa yara fiye da 400. A 2015 irin wannan musiba ta auku a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ƙasar Yawuri da Ngaski ita ma ƙasar zinariya ce, kuma a garuruwanta ana fasa tsohon batirin mota a narka abin da ke ciki a fili. Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta ƙarar da nata man mai dalma a Yuli 2021, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shelar ƙarshensa a Agusta, shekara ɗari ba 'yan watanni bayan gwajin Dayton, ko da yake ƙananan jiragen sama masu fistin suna shan irinsa har yanzu.

Yau abin da ke damun mai tsohuwar mota a Yelwa ko Shanga ya koma ingancin mai da tsadarsa. A Fabrairu 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol wanda ya lalata motoci ya jawo dogayen layuka, shi kuwa kafireta da tsohon tiyon roba su ne suka fi saurin jin irin wannan, balle man galan na bakin hanya da ruwa ko ƙasa kan shiga. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafi, farashi ya ninka, gwamnati ta shiga kiran direbobi su mai da motocinsu masu aiki da iskar gas. Iskar kuwa busasshiya ce, ba ta barin komai a kan mazaunin bawul, tana kuma sa shi ɗaukar zafi fiye da fetur, don haka kan inji na baƙin ƙarfe da ya tsira daga sauyin 2006 yana bukatar a dasa masa zobe mai tauri kafin a ɗaura masa tukunyar gas.